Matantaka a Tsangayoyin Shari'a na Amurka: Asalinta, Rassanta da Zumuncin Masananta

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016, a karo na farko a tarihi, yawan ɗalibai mata ya zarce na maza a tsangayoyin koyar da shari'a na jami'o'in Amurka. Shekara 50 kafin wannan lokaci, matan ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya tsaya a kan alƙaluma kawai zai ɗauka cewa ƙofa aka buɗe mata suka shiga, shi ke nan. Amma waɗanda suka shiga ɗin ba su zauna shiru ba. Sun ɗauki littattafan da aka ba su su karanta suka yi musu tambayoyin da ba a saba yi ba, daga nan ne kuma wata mazahaba ta nazarin shari'a ta tsiro, wadda a yau take da mujallu da kwasa-kwasai da shaihunan malamai nata na kanta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan mazahaba ta faro, da saɓanin da ya raba kan mabiyanta, da kuma irin zumuncin da masananta suka ƙulla har suka iya tsayawa a wurin da ba a yi maraba da su ba. Kalmar shari'a a nan tana nufin dokokin boko na Amurka da suka samo asali daga Ingila, ba shari'ar Musulunci ba. Matantaka kuwa ita ce kalmar da manazarta adabin Hausa suke amfani da ita ga ra'in da yake duban al'amura ta fuskar matsayin mace da haƙƙinta, ita aka ara a nan. Yana da kyau kuma a sani cewa a Amurka ba a shiga karatun lauya sai bayan an sami digiri na farko a wani fanni, sa'an nan a yi shekara uku. Ke nan ɗaliban da za a yi magana a kansu manya ne, da yawansu sun riga sun shiga gwagwarmayar siyasa kafin su zo.

2.0 Tsangaya Kafin Zuwan Mata

A 1873 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan jihar Ilinoyi da ta hana Myra Bradwell lasin na aikin lauya, duk da cewa ta ci jarrabawa. Hujjar kotun jihar ita ce matar aure ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya da sunanta, don haka ba za ta iya ɗaukar alkawarin wanda take wakilta ba. Mai Shari'a Joseph Bradley ya ƙara da nasa ra'ayin, cewa an halicci mace ne domin zaman aure da reno. A daidai wannan zamani ne Christopher Langdell, wanda ya zama shugaban tsangayar shari'a ta Harvard a 1870, ya shimfiɗa hanyar koyarwar da ta mamaye ƙasar: ɗalibi ya karanta hukunce-hukuncen manyan kotuna, ya zo aji malami ya tsare shi da tambayoyi a gaban jama'a har sai ya zaƙulo ƙa'idar da ke cikin hukuncin. A ganin Langdell shari'a kimiyya ce, ba ruwanta da ko wane ne ya kawo ƙara ko wane hali yake ciki.

Harvard ɗin ba ta karɓi mata ba sai 1950. Shekara shida kafin haka ta mayar da Pauli Murray, baƙar fata wadda ta zo ta ɗaya a ajinta a Jami'ar Howard ta Washinton, ba don komai ba sai don ita mace ce. Murray ta riga ta sha wariyar launin fata a ƙarƙashin dokokin da ake yi wa laƙabi da Jim Crow, sai ta raɗa wa wannan sabuwar wariya suna Jane Crow. A 1965 ita da Mary Eastwood suka buga maƙala suna masu cewa gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya wajabta wa jihohi su ba kowa kariyar doka daidai wa daida, ya kamata ya yi aiki a kan wariyar jinsi kamar yadda yake yi a kan ta launin fata.

Lokacin da Ruth Bader Ginsburg ta shiga Harvard a 1956, su tara ne mata a aji mai ɗalibai kimanin 500. Shugaban tsangayar, Erwin Griswold, ya gayyace su cin abinci ya nemi kowace ta faɗi dalilinta na tare gurbin da namiji zai samu. Wasu malaman kuma sun keɓe rana guda da suke kira ranar mata, a ranar ce kawai ake tambayarsu, yawanci kan shari'o'in da za su ba su kunya. Ginsburg ta kammala a Jami'ar Kolambiya a 1959 tana sahun farko a ajinta, amma babu kamfanin lauyoyi na birnin Niyok da ya ɗauke ta. Da ta sami koyarwa a Rutgers a 1963, an gaya mata ƙarara cewa albashinta zai gaza na maza tun da mijinta yana da aiki mai tsoka.

3.0 Daga Aji Zuwa Kotun Ƙoli

Abubuwa da dama ne suka haɗu a ƙarshen shekarun 1960. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariyar jinsi wajen ɗaukar aiki. Yaƙin Biyetnam ya janye samari bayan an soke jinkirin da ake yi wa masu karatun gaba da digiri a 1968, tsangayoyi suka shiga neman masu cike gurbi. A 1972 kuma aka haramta wariyar jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya.

Abin lura shi ne, ɗalibai ne suka fara, malamai suka biyo baya. A Jami'ar Niyok ɗalibai mata ne suka matsa har aka buɗe kwas na farko a kan mata da shari'a a 1969, a can kuma aka yi babban taron ƙasa na farko a kan wannan batu a 1970. Ɗaliban Rutgers ne suka roƙi Ginsburg ta koyar da irinsa. Ta sha faɗa daga baya cewa cikin wata guda ta karance duk hukunce-hukuncen kotunan tarayya da maƙalun da suka shafi matsayin mace, saboda ba su da yawa. Sai a 1974 ita da Herma Hill Kay da Kenneth Davidson suka fitar da littafin koyarwa na farko a fannin.

Karatun bai tsaya a aji ba. A shari'ar Reed da Reed ta 1971, iyaye biyu da suka rabu sun nemi kula da ɗan abin da ɗansu ya bari, dokar jihar Aidaho kuwa ta ce idan namiji da mace suka yi daidai a kusanci, namiji za a ba. Kotun Ƙoli ta soke dokar baki ɗaya, wannan ne karo na farko da ta rushe doka saboda wariyar jinsi. Ginsburg ce ta rubuta takardar hujjoji, amma ta sa sunayen Pauli Murray da Dorothy Kenyon a kanta, alhali ba su rubuta ko layi ɗaya ba, domin a san daga inda tunanin ya fito. Wannan ɗabi'a ta ambaton magabata ta zama al'ada a mazahabar.

Dabarar Ginsburg ta cancanci a tsaya a kanta. Alƙalan Kotun Ƙoli tara duk maza ne, sun kuma yi imani cewa dokokin da suka bambanta mace gata suke yi mata. Sai ta riƙa kawo musu maza masu ƙara. Stephen Wiesenfeld, alal misali, matarsa malamar makaranta ce da ta rasu wajen haihuwa a 1972. Ya so ya zauna ya reni jaririn, amma dokar inshorar jama'a ta tanadi kuɗin reno ga matar da mijinta ya rasu kawai. A 1975 kotu ta ba shi gaskiya. Hujjar Ginsburg ita ce dokar ta cuci uban da jaririn, ta kuma cuci marigayiyar, wadda aka cire wa haraji daidai da na abokan aikinta maza amma guminta bai sayo wa iyalinta kariya irin tasu ba. Cikin shari'o'i shida da ta tsaya a gaban Kotun Ƙoli, ta ci biyar.

4.0 Saɓani a Cikin Gida

4.1 Batun Juna Biyu

Tushen wannan nasara shi ne cewa mace da namiji ɗaya suke a gaban doka, a yi musu hukunci iri ɗaya. Amma ina aka bar abin da mace kaɗai ke yi? A 1974, a shari'ar Geduldig, Kotun Ƙoli ta ce tsarin inshorar ma'aikata na Kalifoniya da ya cire juna biyu daga cikin lalurorin da ake biya bai nuna wariyar jinsi ba, wai domin bai raba mutane zuwa maza da mata ba, ya raba su ne zuwa masu ciki da marasa ciki, a cikin marasa cikin kuwa akwai mata. Ko ɗalibin aji ɗaya zai ga rauni a wannan hujja. Ta maimaita ta a 1976 a shari'ar kamfanin General Electric, har sai da majalisa ta yi doka a 1978 ta ce wariya saboda juna biyu wariyar jinsi ce.

Rikicin ya dawo ta wata ƙofa. Kalifoniya ta yi doka da ta ba mai juna biyu hutu har na wata huɗu ba albashi, tare da tabbacin komawa aikinta. Lillian Garland, mai karɓar baƙi a wani banki, ta dawo daga haihuwa ta tarar an cike gurbinta. Bankin ya ce dokar jihar ta fifita mata, ta saɓa wa dokar tarayya. A nan kan masana mata ya rabu biyu. Wendy Williams ta Jami'ar Georgetown da masu ra'ayinta sun ce duk dokar da ta keɓe mace da wani gata, da ita za a fake gobe a ƙi ɗaukarta aiki, tarihi kuma ya nuna haka. Mafita a wurinsu ita ce a ba kowane ma'aikaci hutun lalura. Ɗaya ɓangaren ya ce namiji yana haihuwa bai rasa aikinsa ba, don haka sai an kare gurbin mace kafin su zama daidai. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1987. Dokar hutun iyali ta 1993 kuwa, wadda ta ba maza da mata mako 12 ba albashi, ra'ayin su Williams ta bi. Kowane ɓangare ya ci rabinsa, ma'aikaciyar da ba za ta iya zama wata uku ba albashi ba ita ce ba ta ci komai ba.

4.2 Bambanci ko Danniya

Littafin Carol Gilligan na 1982, wadda masaniyar halayyar ɗan'adam ce ba lauya ba, ya yi tasiri ƙwarai a tsangayoyin shari'a. Ta nuna cewa akwai wata hanyar yanke hukunci a kan daidai da kuskure wadda take duban dangantaka da kulawa fiye da ƙa'ida tsagwaronta, an kuma fi jin ta a bakin mata. Robin West ta gina a kan haka a 1988, ta ce mutumin da dokar Amurka ta ƙaddara a ranta, wato wanda yake tsaye shi kaɗai ba ya jingine da kowa, siffar namiji ce.

Catharine MacKinnon ba ta yarda da ɓangarorin biyu ba. A ganinta, ko an ce mace kamar namiji take ko an ce daban take, namiji ne dai ma'auni. Abin tambaya shi ne wa ke da iko a kan wa. Game da muryar da Gilligan ta ji kuwa, ta ce ba za a san ainihin muryar mace ba matuƙar ana take da wuyanta. Littafinta na 1979 ya ɗauki abin da kotuna suke gani a matsayin harka tsakanin mutum biyu, wato maigida a wurin aiki ya matsa wa ma'aikaciya da neman lalata, ya nuna cewa wariyar jinsi ce. Ta kasa shi biyu: inda aka ce ki yarda ko ki rasa aiki, da inda aka mai da wurin aikin ya gagari zama. A 1986, a shari'ar Mechelle Vinson da bankin Meritor, Kotun Ƙoli ta karɓi wannan fassara. Da wuya a sami wani ra'i da ya fito daga alƙalamin malami ya zama doka cikin shekara bakwai. Amma da ita da Andrea Dworkin suka tsara dokar da za ta ba mata damar kai ƙarar masu hotunan batsa, wadda birnin Indiyanafolis ya zartar a 1984, wasu malamai mata irin su Nan Hunter da Sylvia Law ne suka rubuta wa kotu suna adawa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke dokar a 1985.

4.3 Ra'in Mararraba

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A wannan gaɓa ce aka gwada gaskiyar maganar. Emma DeGraffenreid da wasu mata baƙar fata huɗu sun kai ƙarar kamfanin General Motors. Kamfanin bai ɗauki mata baƙar fata ba kafin 1964, da aka zo rage ma'aikata bisa ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, sai guguwar ta kwashe su. A 1976 kotu ta ce babu wariyar jinsi tun da kamfanin ya daɗe yana ɗaukar mata, wato farare. Ƙorafin launin fata kuwa a haɗa shi da wata shari'ar ta daban. Abin da ba za ta yarda ba shi ne a gwama biyun a ƙara ɗaya.

Kimberlé Crenshaw ta ɗauki wannan hukunci a maƙalarta ta 1989 ta kawo misalin mararrabar hanya. Wadda take tsaye a mararraba mota tana iya buge ta daga gabas ko daga kudu ko daga duka biyun a lokaci guda, dokar kuwa ta ce ba za a ɗauke ta zuwa asibiti ba sai ta faɗi wace motar ce. Shekara guda bayan haka Angela Harris ta juya zargin kan MacKinnon da West da kansu, ta ce macen da suke magana da yawunta farar mace ce mai rufin asiri, an ɗauki halinta an mai da shi halin mata duka. Misalinta mai zafi ne: a tarihin kudancin Amurka, doka ba ta ɗauki fyaɗe ga baiwa a matsayin laifi ba, zargin fyaɗe ga farar mace kuma shi ne hujjar da aka sha kashe maza baƙar fata da ita ba shari'a. Ke nan baƙar mace ba za ta kalli dokar fyaɗe da idon da farar mace ke kallonta ba. Laifi tudu ne. Masu zargin doka da mai da namiji ma'auni sai ga shi an same su da nasu ma'aunin. Abin yabo dai shi ne mazahabar ba ta kori masu sukar ba, maƙalun nan biyu suna cikin waɗanda ake fara ba ɗalibi a yau.

5.0 Zumuncin Masana

Ra'i ba ya rayuwa a takarda kawai. A jami'ar Amurka malami yana yin 'yan shekaru na gwaji, daga nan manyan malamai su jefa ƙuri'a a kan ko a ba shi kujerar dindindin ko ya kama gabansa. Malama ɗaya tilo a tsangaya, wadda take rubutu a fannin da abokan aikinta suke ganin siyasa ce ba ilmi ba, tana bukatar wanda zai karanta daftarinta, da mujallar da za ta buga shi, da babban malami daga waje da zai rubuta wa kwamiti cewa aikin yana da daraja. Waɗannan ne masana matan suka gina wa kansu.

Da yawansu sun fara ne a cikin ƙungiyar masu tarken shari'a da ta yi taronta na farko a Jami'ar Wiskonsin a 1977, wadda take cewa doka siyasa ce da ta sa rigar alƙali. Da suka ga a can ma maza ne ke riƙe da magana, sai suka keɓe nasu zaman. A 1984 Martha Fineman ta kafa shirin nazarin matantaka da ra'in shari'a a Wiskonsin ɗin, wanda ya bi ta zuwa Kolambiya da Cornell, daga bisani Emory a 2004. Tsarinsa shi ne a taru a karanta aikin da bai kammala ba, ƙaramar malama ta gabatar kusa da babba. A 1989 malamai baƙar fata da sauran marasa rinjaye, ciki har da Crenshaw, suka yi nasu taron na farko a garin Madison, inda ra'in tarken launin fata ya sami sunansa. Ɗalibai kuma suka buɗe mujallu, ta Rutgers tun farkon shekarun 1970, ta Harvard a 1978.

Abin bai zo da sauƙi ba, Harvard ita ce shaida. A 1987 aka hana Clare Dalton kujerar dindindin, ko da yake mafi yawan malamai sun goyi bayanta, don ba ta kai kashi biyu cikin uku da ake bukata ba. Ta yi ƙarar wariyar jinsi, a 1993 jami'ar ta biya dala 260,000, aka zuba kuɗin a cibiyar da ta kafa a Jami'ar Northeastern, inda ɗaliban shari'a suke tsaya wa matan da ake duka a gidajensu. A 1990 Derrick Bell, baƙar fata na farko da ya sami kujerar dindindin a tsangayar, ya ajiye albashinsa ya ce ba zai dawo ba sai an ba mace baƙar fata irin wannan kujera. Shekara biyu suka cika, jami'a ta ce ƙa'idar hutu ta ƙare, ya rasa aikin. Sai a 1998 aka naɗa Lani Guinier.

Mafi muni shi ne abin da ya biyo bayan mutuwar Mary Joe Frug, malamar shari'a da aka kashe da wuƙa kusa da gidanta a Kambirij ta jihar Masacusets ran 4 ga Afrilu, 1991. Babbar mujallar shari'a ta Harvard ta buga maƙalar da ta bari ba ta kammala ba. A liyafar shekara ta mujallar, wadda ta faɗo daidai ranar cikar shekara guda da kisan, wasu ɗalibai editoci suka rarraba wani rubutu na izgili da suka kwaikwayi maƙalar, suna yi wa mamaciyar ba'a, alhali mijinta malami ne a tsangayar. Sun nemi gafara daga baya. Amma muhawarar da ta ɓarke tsakanin malamai, kan ko wannan wautar yara ce ko kuwa alama ce ta yadda tsangayar take kallon ilmin mata, ta daɗe ba ta lafa ba.

6.0 Tasiri a kan Koyarwa

Ita Frug ɗin ce a 1985 ta ɗauki wani sanannen littafin koyar da dokar yarjejeniya ta bi shi shari'a bayan shari'a, ta nuna cewa mata kaɗan ne a ciki, inda suka fito kuma yawanci matar wani ce ko gwauruwa ko wadda aka yaudara. Ɗalibi yana koyon wannan darasi ba tare da an rubuta shi a manhaja ba. Katharine Bartlett ta tsara hanyar a 1990, ta kira matakinta na farko yin tambayar mace: wannan doka da ta yi kama da ba ruwanta da jinsi, halin wa ta ƙaddara, wa kuma ta manta? Misali shi ne dokar kare kai, wadda aka gina a kan maza biyu masu ƙarfi ɗaya da suka yi arangama, ba a kan matar da ta shekara goma tana shan duka a ɗaki ɗaya da mai dukanta ba.

A 1994 Guinier da Michelle Fine da Jane Balin suka buga binciken da suka yi a Jami'ar Fensilbaniya. Maza da mata suna shiga da sakamako kusan ɗaya, amma a ƙarshen shekarar farko damar namiji ta shiga kashi 10 na sama ta ninka ta mace sau uku. Matan da suka zo da niyyar yi wa talakawa aiki kuma, da yawansu sun sauya ra'ayi kafin su fita. Marubutan sun ɗora alhakin a kan hanyar Langdell. Ana iya yi musu gardama, domin jami'a ɗaya suka duba, ba kuma kowace mace ce take ƙin a tsare ta da tambaya ba. Duk da haka binciken ya sa tsangayoyi da dama sun sake duban yadda suke tafiyar da aji.

7.0 Bayan Amurka

A Kanada wasu lauyoyi da malamai mata, da suka gaji da sukar hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, sun ɗauki guda shida suka sake rubuta su kamar su ne alƙalan. Sharaɗin shi ne ba za a yi amfani da wata doka ko hujja da babu ita a lokacin hukuncin asali ba, domin a nuna cewa alƙali yana da zaɓi. Malaman Ingila suka yi haka da hukunci 23 a 2010, na Amurka da 25 a 2016.

Hanyar da ta iso Afirka da ƙarfi kuwa ta Nowe ce. Tove Stang Dahl ta Jami'ar Oslo ta koyar da cewa a fara daga rayuwar mace, haihuwarta da aikinta na gida da kuɗin hannunta, sa'an nan a tambayi doka. Kwas ɗin da aka shirya wa lauyoyin Afirka a Oslo ya koma Jami'ar Zimbabuwe a farkon shekarun 1990, inda ake tura ɗalibai ƙauyuka su ga yadda ake rabon gado a zahiri. Abin da masu irin wannan bincike suka gano shi ne al'adar da ke rubuce a littattafan kotu, wadda Turawan mulki suka ji daga bakin dattawa maza, ta fi wadda mutane ke bi tsauri ga mata, domin iyalai da yawa suna barin gida a hannun wadda ta kula da iyaye. Zimbabuwe ta gyara dokar gadonta a 1997. Amma a 1999 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana Venia Magaya gadon mahaifinta ta ba ƙaninta da suke uba ɗaya, saboda mahaifin ya rasu kafin gyaran, kotun kuma al'adar littafi ta bi. Kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta soke fifikon ɗa namiji a gadon gargajiya a 2004, Kotun Ƙolin Nijeriya kuma ta yi haka a 2014 a shari'ar Ukeje da Ukeje, inda ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999. Sashe na 26 na wannan tsarin mulki ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba, ƙudurin da aka kawo don gyara shi kuma ya faɗi a Majalisar Tarayya a watan Maris na 2022.